Yadda za a koyar da darasin salkar teku ga ɗaliban da ba su taɓa ganin teku ba

Malamin kimiyyar halittu a Yamai yana da wata matsala wadda takwaransa na Kwatano ko Lome ba shi da ita, wato idan darasi ya kai kan halittun teku, ba shi da abin da zai ɗaga ya nuna wa yara. Tsakaninmu da bakin teku akwai tafiyar kusan kilomita 1000, kuma ruwan da yawancin ɗalibanmu suka sani bai wuce kogin Isa, wato kogin Neja, da tafkunan damina ba. Shi ya sa da yawa daga cikinmu kan rubuta sunan Faransanci a allo, yara su kwafa, a wuce gaba. Na yi shekaru ina yin haka, kuma yanzu ina ganin asara ce, domin akwai wata ƴar halitta a teku wadda idan aka iya gabatar da ita, yaro zai fahimci yadda baƙuwar halitta take mamaye wurin da ba nata ba, ya kuma gane cewa abin da ake ba shi labari yana faruwa a ƙarƙashin gadar Kennedy ta Yamai da wani salon. Abin da ke tafe bayani ne na hanyar da nake bi, wadda ke cin zama biyu a aji da fita ɗaya zuwa bakin kogi.

A fara da suna, domin yaro ba ya riƙe abin da bakinsa ba ya iya faɗa. Littattafanmu na Faransanci suna kiran wannan halitta ascidie, kalmar kuwa ta samo asali ne daga Girkanci, inda take nufin ƴar jakar fata ta zuba ruwa ko wani abin sha. Mu muna da wannan jaka, sunanta salka, don haka nake kiran halittar salkar teku, kuma ban taɓa ganin ɗalibin da ya manta sunan ba. Idan malami zai iya aro salka ta gaske ya shigo da ita aji, ya yi hakan. Sauran kayan da ake bukata duk na gida ne: matankaɗi, garin gero kaɗan, ruwan kuɓewa mai yauƙi, kyandir da ashana, guntuwar igiya, gishiri, busasshen dabino, da taswirar duniya. A kuma sauke hotuna uku ko huɗu a waya tun daga gida ta hanyar neman sunan Didemnum vexillum, wanda shi ne nau'in da darasin zai tsaya a kai, kada a dogara da samun intanet a cikin aji.

A zama na farko kada a ambaci mamaya ko kaɗan, a tsaya kan jikin halittar. A zana salka a allo mai baki biyu, ɗaya a sama ɗaya a gefe, gindinta kuma a manne da dutse. Ruwa yana shiga ta bakin sama, ya faɗa cikin wani kwando mai ƙananan huji masu yawa wanda ya cika mafi yawan cikin jikin, ya ratsa hujin, sannan ya fita ta bakin gefe. Abin da ke jan ruwan wasu siraran gasu ne da ke gefen hujin, waɗanda ido ba ya gani, suna kaɗawa dare da rana. Abincinta shi ne ƙananan halittu da ɓurɓushin da ke yawo cikin ruwa, kuma da yake yawancinsu sun fi hujin ƙanƙanta, ba hujin ne ke kama su ba. Akwai wani kwarmi a jikin kwandon da ke fitar da yauƙi, yauƙin ya shimfiɗu kamar mayafi, abinci ya manne a kansa, sannan a naɗe shi a tura cikin hanji. Nan ne amfanin matankaɗi: a dama gari kaɗan cikin ruwa mai yawa a zuba, yara su ga ya wuce, sannan a shafe matankaɗin da ruwan kuɓewa a sake zubawa a hankali, su ga yadda garin ke maƙalewa. Idan aka taɓa halittar tana tsuke jikinta ta tsarto ruwan da ke ciki, kuma wannan tsartuwa ce ta sa a wasu harsuna ake kiranta mai tsartuwar teku.

Daga nan sai a yi tambayar da ke tayar da aji: wannan dabba ce ko tsiro? A bar su su yi gardama, kada a yi gaggawar raba su. Mafi yawa za su ce tsiro ne, tun da ba ta tafiya, ba ta da kai, ba ta da ido. A ƙara wa masu wannan ra'ayi hujja, a gaya musu cewa rigar da ta lulluɓe jikinta tana ɗauke da selulos, sinadarin da ke cikin auduga da takarda da karan dawa, kuma a duk duniyar dabbobi danginta kaɗai aka sani suna iya ƙera shi. Sai bayan sun saki jiki a juyo da ɗaya hujjar. Tana da hanji, tana da zuciya, kuma zuciyar tata tana da wata ɗabi'a ta ban mamaki, wato takan tura jini gefe ɗaya na ɗan lokaci, ta tsaya, sannan ta juya ta tura shi ɗaya gefen.

Babbar hujja kuwa tana wurin jaririyarta. Ƙwan salkar teku yana ƙyanƙyashe wata ƴar mitsitsiyar halitta mai kai da wutsiya, kamar ɗan kwaɗon da bai riga ya yi ƙafa ba, irin wanda yaranmu ke kamawa a kududdufi da damina. A cikin wutsiyar akwai wata sanda mai laushi da jijiya a samanta, kuma irin wannan sanda ce ke bayyana a jikin ɗan tayin kifi da na tsuntsu da na ɗan Adam kafin ƙashin baya ya maye gurbinta. Wani masani ɗan ƙasar Rasha, Aleksanda Kowalevsky, shi ne ya nuna wannan a 1866, kafin nan kuwa masana suna lissafa ta ne a kusa da dangin katantanwa. Jaririyar ba ta cin abinci, aikinta ɗaya ne, neman mazauni. Tana iyo na ɗan lokaci, ta sami wuri mai tauri ta manna kanta, wutsiyar ta narke ta koma cikin jiki, sandar ta ɓace, daga nan kuma ba za ta ƙara gusawa ba har mutuwarta. Na lura aji kan yi tsit a wannan gaɓa, kuma ya kamata malami ya bar shirun ya ɗan daɗe. A rufe zaman da jaddada abu biyu da za a bukata gobe: babbar ba ta tafiya, jaririyar kuma ba ta nisa.

Zama na biyu na nau'in Didemnum vexillum ne. Salkokin teku sun kai nau'i kusan 3000, wasu kowace na zaman kanta, wasu kuma suna zaman taro, kuma wannan nau'i na masu zaman taro ne. Kowace ɗaya tsawonta bai fi milimita 1 zuwa 2 ba, amma dubbai ne suke zaune cikin riga ɗaya. Misalin da ya fi shiga kan yara shi ne gidan gandu: kowane ɗaki da ƙofarsa, wato kowace da bakin da take shan ruwa, amma magudanar da ke fitar da ruwa waje ta haɗin gwiwa ce. Taron yana shimfiɗuwa a kan dutse ko ƙarfe ko katako kamar kunun da ya zube ya daskare, launinsa tsakanin fari da rawaya zuwa ruwan ƙasa. Inda ruwa ke kwance kuwa, kamar ƙarƙashin jirgi ko jikin igiya, yakan zubo ƙasa zara-zara har ya kai kusan mita guda. A rataye igiya a kunna kyandir a ɗiga narkakkensa a kanta har ya yi zara, yara su ga siffar da idonsu, kuma a ajiye igiyar a kan tebur domin za a dawo kanta.

Hanyoyin yaɗuwarsa uku ne, amma ba nauyinsu ɗaya ba. Ta farko haihuwa ce: kowace ɗaya tana da gaɓoɓin namiji da na mace, ana renon jariran a cikin rigar taron, sannan a sake su, su yi iyo na sa'o'i kaɗan su zauna a kusa. Ta biyu toho ne, inda kowace ke fitar da wata daga jikinta, shimfiɗar ta riƙa faɗaɗa ta gefe. Ta uku ita ce ya kamata a daɗe a kanta. A ɗauki igiyar nan a ɓalle zara ɗaya ta kyandir a jefa ƙasa, a gaya wa yara cewa da na halittar ne, wannan gutsure bai mutu ba, domin a cikinsa akwai ɗaruruwan masu rai, kowace da bakinta da hanjinta. Igiyar ruwa za ta gangara da shi, inda ya tsaya ya manne ya kafa sabon gida. Duk wanda ya kankare ta a cikin ruwa da nufin kawar da ita, shuka ya yi ba tare da ya sani ba.

Yanzu a buɗe taswira. Binciken ƙwayoyin gado ya sa masana suka fi karkata ga cewa asalin wannan nau'i ruwan Japan ne. A sa ɗalibi ɗaya ya ɗora yatsa a can, wani kuma ya riƙa nuna wuraren da za a ambata tare da shekarar da aka tabbatar da ganinta: gaɓar Holan a 1991, jihar Maine ta Amurka a 1993, Niyu Zilan a 2001, Ailan a 2005, tashar Holyhead ta yankin Wales a Birtaniya a 2008, garin Sitka na Alaska a 2010. Sunan kimiyyar ma bai samu ba sai a 2002, lokacin da wata masaniya ƴar Ostareliya, Patricia Kott, ta bayyana ta daga samfurin da aka ɗebo a tashar Whangamata ta Niyu Zilan, wato ta riga ta zaga rabin duniya kafin a raɗa mata suna. Sai a tambayi aji: halittar da babbarta ba ta tafiya, jaririyarta kuma ba ta wuce iyon sa'o'i kaɗan, yaya aka yi ta tsallaka manyan tekuna? Kada malami ya ba da amsa. A kowane aji akan sami wanda zai ɗaga hannu ya ce, “Malam, ɗaukar ta aka yi.” Amsar ke nan. Tana mannewa a ƙasan jiragen ruwa, musamman waɗanda suka daɗe a tsaye sannan aka ja su a hankali zuwa wata tasha, tana kuma bin ɓawon kawa (wata halittar teku mai ɓawo biyu da ake ci) da igiyoyi da kejin masu kiwon kawa idan aka kwashe su daga wani ruwa zuwa wani. A Niyu Zilan wani jirgin dakon kaya ne da aka ja ya kai ta kusa da garin Picton, yankin da ake kiwon kawa mai yawa. Hausawa suna cewa kainuwa dashen Allah, saboda ba a ganin wanda ya shuka ta, amma a duk wuraren da aka nuna a kan wannan taswira, ban da Japan, salkar nan dashen mutum ce. Ba ita kaɗai ba ce kuma, domin wata ƴar uwarta mai zaman kanta, Styela clava, an fara ganinta a tashar Plymouth ta Ingila a 1953, kuma ana kyautata zaton jiragen yaƙin da suka dawo daga yaƙin Koriya ne suka kawo ta.

Ɓarnar da take yi ba ta bukatar dogon bayani, domin lulluɓewa ce. Tana hawa kan kawa da ciyawar teku da duk abin da ke zaune wuri ɗaya ta rufe shi, ta ƙara wa igiyoyin masu kiwo nauyi, ta rufe tsakuwar ƙasan teku inda kifaye ke neman abinci. Masu cin ta kaɗan ne, saboda fatar rigarta tana da tsami mai ƙarfi, cikinta kuma cike yake da ƙananan tsakuwoyi masu siffar tauraro, na sinadarin da ke cikin ɓawon ƙwai. A yankin kamun kifi na Georges Bank, gabas da gaɓar Amurka, an same ta a shekarun 2000 ta bazu a fili mai faɗin kusan murabba'in kilomita 230, a zurfin da ya haura mita 40. A sa yara su mayar da wannan adadi zuwa hekta, za su sami 23,000, sannan su kwatanta da gonar gidansu. Sai wannan lissafi ya fito a allo suke yarda cewa abu mai tsawon milimita guda yana iya cinye ƙasa.

Labarin yaƙi da ita ma darasi ne. A Holyhead an naɗe ginshiƙai da gadojin tashar da leda, aka zuba garin kulorin, ɗan uwan ruwan jabel da muke wanki da shi, aka kashe abin da aka gani, amma bayan wani lokaci ta sake bayyana, sai da aka koma aka maimaita aikin. Wannan a ƙaramar tasha ke nan mai iyaka. A buɗaɗɗen teku irin Georges Bank babu ledar da za ta isa. Abin da ya fi sauƙi da araha shi ne hana ta isowa: a fito da jirgi ko kayan kiwo tudu, a kankare a can, a zubar da abin da aka kankare nesa da ruwa, a bar kayan su bushe sarai ko a jiƙa su da ruwan daɗi kafin a kai su wani wuri.

Nan zan faɗi kuskuren da na yi a shekarar da na fara wannan darasi, don kada wani ya maimaita shi. Na zuba bayanin mamaya da zafi har yara suka tashi da zaton cewa halittar tana kan hanyarta ta zuwa kogin Isa, wata yarinya ma ta dawo washegari ta ce mahaifinta masunci ne, ya aiko ta ta tambaya yaushe za ta iso. Na ji kunya ƙwarai, domin tsoro na shuka a gidan mutumin da abincinsa ke cikin ruwa, alhali babu dalilinsa. Salkar teku ba ta rayuwa a ruwan daɗi, kuma wajibi ne a faɗi wannan ƙarara, a kuma nuna dalili. A zuba gishiri gram 35, wato kimanin manyan cokula biyu a shafe, cikin lita ɗaya ta ruwa, a bar mai so ya ɗanɗana da yatsa, a gaya musu haka ruwan teku yake, kuma ruwan jikin halittar ma kusan haka yake. Sannan a nuna musu busasshen dabinon da aka jiƙa tun jiya, su ga yadda ya sha ruwa ya kumbura. Haka ruwan daɗi yake kutsawa cikin ƙwayoyin jikinta, ita kuwa ba ta da hanyar fitar da shi, sai ta lalace.

Da zarar hankalinsu ya kwanta a kan wannan, sai a tambaye su ko mu ma muna da baƙon da ya zo ya shimfiɗu. Ba sa jinkirin amsawa. Wasu za su ce kachalla da ke cike tafkuna da magudanan fadama, wasu su ce garmani da ya cinye makiyaya, amma ɗan Yamai abin da zai fara faɗa shi ne tsiron nan mai shuɗin fure da kumburarrun ƙafafu da ke rufe fuskar kogi, wanda ake kira jacinthe d'eau da Faransanci. Asalinsa yankin Amazon ne a Kudancin Amurka, kyan furensa ya sa mutane suka yi ta kai shi ƙasashe, kuma yana yaɗuwa ne ta hanyar miƙa reshe ya fitar da ɗa a ƙarshensa, ɗan ya ɓalle ya bi ruwa ya kafa nasa gidan. Idan ya sami yanayi mai kyau yana iya ninkuwa cikin kimanin mako biyu. A ba su lissafi: tushe ɗaya zai zama nawa bayan mako 12, kuma nawa bayan mako 20? Amsa 64 da 1024. Wanda ke son su gani da ido ya sa tushe ɗaya na wannan tsiro ko na kainuwa a baho mai ruwan kogi a inda rana ke samu, a riƙa ƙirgawa kowane mako ana rubutawa, a kuma riƙa duba ruwan saboda tsutsar sauro, in an gan ta a canza shi.

Fita bakin kogi ita ce ke ɗaure darasin, kuma tana bukatar shiri. A nemi izinin shugaban makaranta da na iyaye, a je da safe kafin rana ta yi zafi, kada ɗalibi ko ɗaya ya sa ƙafa a ruwa saboda tsargiya, kuma a guji wuraren da masunta suka ce dorina na fitowa. Malami ya riga ɗalibai zuwa da kwana ɗaya ya gaida dattijon masuntan wurin ya nemi yardarsa, ya kuma gargaɗi yara cewa tambaya suka je yi, ba koyarwa ba. Su durƙusa su gaida shi, su ce, “Baba, wannan tsiro yana nan tun kuna yara? Me yake yi wa taru da kwale-kwale? A wane lokaci na shekara ya fi yawa?” Abin da zai faɗa musu a kan yadda yake toshe hanya da yadda yake yaga taru ya fi abin da ke littafi. A kuma sa su zuba ido lokacin da ake kakkaɓe taru. Na sha ganin masunci ya cire tushen tsiron daga tarunsa, da ƴaƴansa biyu ko uku a maƙale, ya wurga shi baya cikin ruwa ba tare da ya waiwaya ba, tushen ya juya ya miƙe tsaye ya bi igiyar ruwa ya nufi garin Kollo da ke gaba da Yamai. Ba laifinsa ba ne, hannunsa ya saba, kuma aiki na jiransa. Amma ɗalibin da ya ga an ɓalle zarar kyandir a aji zai gane abin da ya gani nan take, kuma sau da yawa kafin malami ya yi magana wani ya riga ya taɓa ɗan uwansa ya nuna masa.

Aikin gida da nake bayarwa shi ne kowane ɗalibi ya rubuta shafi ɗaya, ya bayyana matakan da mai kwale-kwale ko mai taru zai bi kafin ya kwashe kayansa daga kogi zuwa wani tafki, ya kuma kawo dalilin kowane mataki daga rayuwar salkar teku. Ana sa ran ya ambaci dubawa, da cire duk abin da ya maƙale a kan tudu, da wankewa, da shanyawa har kayan su bushe. Idan an gama gwajin baho kuma, kada a zubar da abin da ke ciki a magudana ko a kwatami, domin ruwan sama zai mayar da shi kogi. A kwashe tsiron a baza shi a rana a kan dandamalin siminti har ya bushe ƙayau, sannan a haƙa rami a bayan aji a binne shi, ruwan bahon kuma a zuba shi a gindin bishiyar da ke nesa da magudana.